Borin Jinin Bawa

Bawa ya duƙa aka ɗora masa buhun wake a kafaɗa, ya miƙe yana dariya. Ranar ce manyan motocin Maraɗi suka fara shigowa Jibiya bayan watannin da boda, iyakar Nijar, ta yi a rufe, 'yan dako duk sun fito kamar ranar salla.

"Bawa, ina borin jinin naka?" in ji Zubair, shugabansu.

"Ya tahi, sarki. Bitamin D ya gama da shi."

Shekaru ya yi yana fama da wannan ciwo. Kullum da yamma jikinsa sai ya tashi ruɗu-ruɗu, ga ƙaiƙayi ga zafi, har Zubair ya taɓa cewa zai ba wani gurbinsa. Ya sha saƙe-saƙi, ya sha maganin ƙaiƙayi har yana gyangyaɗi a ƙarƙashin mota. A makon da aka rufe boda ne wani likita a Katsina ya auna jininsa, ya rubuta masa bitamin D. Ya ce wasu yana taimaka musu, wasu kuma shiru. Bawa rabin farko kawai ya ji.

Fata kuwa ta yi lumui. A gida an sha wuya, don har akuyar matarsa Rabi'a sai da aka kai kasuwa, amma Bawa bai fasa shan ƙwayarsa ba. Ya zama ɗan tallan da ba a biya. Ko ciwon haƙori ka kawo masa ƙara, bitamin D zai ce maka.

Ranar da motocin suka dawo, Bawa ya yi ta ɗaukar kaya har la'asar. Yana alwala ya ji kafaɗarsa ta ɗauki wani zafi da ya sani sarai. Ya ce wa kansa gumi ne. Kafin a sallame salla wurin ya kumbura, tafin ƙafarsa ma ya ƙi takuwa. Tsoro ya kama shi. Ya ja riga ya rufe wuya, ya ɗingisa zuwa kemis ɗin Timoti, inda yake sayen maganin.

"Ko na jabu ka ba ni wannan karon?"

"Kwalba ɗaya ce da wadda ka saba saye," in ji Timoti. Ya ɗaga rigar ya duba, ya ga kumburin ya bi shatin buhu daidai. "Yaushe rabonka da ɗaukar kaya?"

"Tun da aka ruhe boda."

"Yaushe kuma ciwon ya daina?"

Bawa ya ƙirga watannin da yatsu, ya ga lokacin ɗaya ne.

"Ban ce maganin bai yi komai ba," in ji Timoti a hankali. "Amma irin naka, inda nauyi ya danne nan yake fitowa. Ka koma wurin likita. Ina jin cewa zai yi ka bar dako."

"In bar dako in ci mi?"

Timoti ya shiga gyara kwalaye a kan kanta.

A hanya Zubair ya ɗago masa hannu daga nesa. "Gobe da sassahe, Bawa. Manyan motoci uku na tahe."

"In sha Allahu," ya ce, hannunsa damƙe da wuyan riga.

A gida ya tarar Rabi'a ta ɗora tukunyar da ta daɗe a kife, tana ta murna aiki ya dawo. Bai gaya mata ba. Bayan magariba ya zauna a kan tabarma, bayansa na ci kamar wuta, ya ɗaga hannu zai yi addu'a. Ya daɗe a haka, bai san abin da zai roƙa ba, a bar boda a buɗe ko a sake rufe ta.