Kwabon Baba Absalom

"Wa ya huda shi? Adda Keturah, wa ya huda kwabon nan?"

Naziha ce ke tambayar 'yar Baba Absalom, mai gidan. Baba Absalom na kwance a katifa yana numfashi da ƙyar, ga kwabon rataye a wuyansa da baƙin zare.

"Ni na kai wa mai walda jiya," in ji Keturah. "Hannunsa ba ya riƙe abu. Kullum sai ya faɗi, ya hana mu sakat da nema. To yanzu ya daina faɗuwa."

Kai, Naziha ji ta yi kamar ta kurma ihu. Kowa ya san tsohon kwabo da huji a tsakiya yake fitowa. Wannan kuwa inji ya tsallake shi tun a gidan buga kuɗi, ya fito ba huji, kuma darajarsa ke nan. Da shi kaɗai Baba ya iso unguwar Dubeli a aljihu lokacin da suka gudo daga Michika. Tun daga nan dattawan layi suka sa shi gaba, wai jabu ne, har suka raɗa masa Baba Jabu. Yana dariya, amma abin na cinsa. Da ciwo ya kayar da shi, abu ɗaya ya roƙi maƙwabciyarsa Naziha.

"'Yata, ki kawo mini wanda ya sani. Ya ce na gaske ne, in ji da kunnena."

Ta sha jeka-ka-dawo a shagon Alhaji Ɗanburam, mai sayen tsofaffin kuɗi a kasuwar Jimeta. Yau ya tafi Kano, gobe gwiwa na ciwo. Sai yau ta samu ta sako shi a Keke Napep, ga shi nan tsaye a bakin ƙofa yana goge gumi.

"Nan duhu," ya ce. "A fito da shi haske."

Keturah ta zare zaren daga wuyan mahaifinta, suka fita tsakar gida. Alhaji ya zaro ɗan gilashinsa ya kanga a ido. Ya duba tauraron, ya duba rubutun, ya juya gefe, ko sauri ba ya yi.

"Ba a taɓa goge shi ba, madalla. Rubutu bai lashe ba. Da a ajin farko zan sa shi." Ya tsaya a kan hujin, ya ja tsaki. "Wannan kuma aikin waye?"

"Tambaye ta!" in ji Naziha.

"Ke kike kwana da shi?" Keturah ta taso. "Ke kike lalube ƙarƙashin katifa yana kuka kamar yaro?"

"Ai da kin tambaye ni!"

"Ubana ne ko naki?"

Nan fa suka kaure, har matan gidan kusa suka leƙo ta katanga. Alhaji ya ƙyale su suka yi mai isarsu, sannan ya ɗaga hannu.

"Ku saurara. Bakin hujin nan ja ne wur, sabo ne. Da an cike tsohon huji ne, da na ga tabonsa. Haka ya fito daga inji. Na gaske ne, tsohon bai yi ƙarya ba. Amma yanzu kam ko kyauta ba na so."

Naziha ba ta tsaya jin ƙarshen ba. Ta fizge kwabon ta faɗa ɗaki, takalmi ma ba ta cire ba.

"Baba! Ya ce na gaske ne! Baba, ka ji?"

Ta durƙusa ta sake faɗa a kunnensa, da ƙarfi. Ƙirjin ba ya motsi. Jikin da sauran ɗumi, bai daɗe da cikawa ba, suna can suna cacar baki. Haushi ya kama ta, na Alhaji, na Keturah, na kanta ya fi.

Keturah ta shigo ta tsaya a bayanta. Hannun Baba na dama yana kan wuyan rigarsa, yatsu biyu sun shige ciki, inda suka tsaya da laluben kwabonsa.