Nauyin Babo Todorka

"Ba zan ɗaure ba, Dyado," in ji Zlatina daga cikin ramin da ke ƙarƙashin motar.

Kakanta Stoil, wanda take kira Dyado, ya sunkuya har gwiwoyinsa suka yi ƙara. "Me kika ce? Noti huɗu suka rage, yarinya. Ɗaure ki fito, bas ɗin Plovdiv ba ya jiran kowa."

"Sai an zauna a cikin motar. Kai a wurinka, Babo a wurinta."

Tun safe take fama da ƙafar gaban tsohuwar motar nan, wadda ta girme ta nesa ba kusa ba. Ta ciro robobin da suka zama gari, ta buga sababbi, ta canza shokozoba biyu, tsatsa duk ta cika mata gashi. A makarantar kanikanci an koya mata cewa notin ƙarshe ba a ɗaure shi sai mota ta sauka kan tayoyinta ɗauke da nauyin da ta saba ɗauka. In ba haka ba, robar ta murɗe, kafin hunturu ta tsage.

Nauyin da motar ta saba ɗauka kuwa, ga shi can bakin murhu yana gasa tattasai: kakarta Todorka, wadda take kira Babo. Tun bazara, ranar da tayar gaba ta karkace suka kusa faɗawa kwari, ta rantse ba ta ƙara shiga. Ta ce tun hunturu take jin wata ƙara a ƙafar motar, shi kuwa yana ce mata kunnenta ne. Tun daga ranar, da ƙafa take hawa tudu zuwa gonar inabi, ta dawo da gwiwa a kumbure. Ga tsinkar inabi ta ƙarato, hawan zai zama safe da yamma.

"To mu sa buhun dankali biyu a kujerarta," in ji Stoil. "Ai ɗaya ne."

"Biyu?" Todorka ta ɗago da tattasai a hannu. "Tsohon banza, ɗaya da rabi! Kuma dankali ba ya gaya maka gaskiya, shi ya sa kake son sa."

"Dankali ba ya surutu, dai."

"Buhu bai iya zama irin na Babo ba," in ji Zlatina. Ta san sarai buhu zai yi. Ta ajiye sifana a kan cinyarta, ta jingina da bangon ramin mai sanyi.

Stoil ya shiga ya zauna bayan sitiyari, motar ta ɗan kwanta hagu. Ya yi ta huci. Todorka ta ci gaba da ɓare tattasai kamar ba ta san ana yi ba. Rana ta kauce daga tsakar gida, danshin ramin ya ratsa wandon Zlatina, yatsunta suka fara ƙagewa.

"'Yar nan, fito ki wanke kanki," in ji Todorka, murya ta yi laushi. "Ba yau Ilko zai tafi ba?"

Yau ne. Saurayinta Ilko ya samu aikin gini a Jamus, motarsu za ta tashi daga birnin Plovdiv da magariba, ta kuma yi masa alkawarin zuwa tasha. Ranar Lahadi bas ɗaya tak ke bi ta ƙauyen.

"Ki shiga, in ɗaure, in fito."

"Na yi rantsuwa."

"Ni ma na yi yanzu."

"Ka gani ko?" Todorka ta juya ga mijinta. "Taurin kan gidanku ne."

"Gidanmu? Wa ke hawa tudu da ƙafa ɗaya da rabi?"

Can sai ga hon ɗin bas daga dandalin ƙauye. Stoil ya leƙo ta taga a firgice. "Zlatina, tashi ki ruga! Ni zan ɗaure!"

"Sifanar tana hannuna."

Suka ji bas ɗin ya ja, ya sauka gangare, ƙararsa ta ɓace bayan gonakin. Tattasai ɗaya na ƙonewa a murhu, ba wanda ya juya shi.

Todorka ta goge hannu a jikin zanen aikinta. Ta taso a hankali, tana jan ƙafar dama, ta tsaya a gefen motar.

"Stoil. Ƙarar nan da motar ke yi tun hunturu, ka ji ko ba ka ji ba?"

Ya dubi sitiyari. "Na ji. Tun kafin ke ma."

"To zagayo ka buɗe mini ƙofa. Ni ba buhu ba ce."

Ya fito da sauri, ya zagaya, ya share kujerar da hularsa, ya riƙe mata hannu. Da ta zauna, shi ma ya koma wurinsa, sai motar ta sauke wani dogon numfashi ta daidaita. Zlatina ta kalli ƙarafan sun sauka inda ya kamata, ta ɗora sifana, ta ja kowane noti da dukan ƙarfinta.

"Ba a motsi a sama!" ta yi tsawa.

"Kakanki ne ke taɓa ni," in ji Todorka.

Su suka kai ta Plovdiv, tana baya da baƙin mai har wuya. Ƙafar motar ba ta yi ko ƙis ba. Sai dai duk lokacin da Stoil ya taka mai, Todorka ta dafe masa hannu ta ce a hankali, shi kuwa yau ko musu bai yi ba.

Da suka isa tasha, motar Jamus ta riga ta tashi. A tsinkar inabin shekarar nan, a kujerar gaba Todorka ta riƙa zuwa gona kullum. Zlatina kuwa ba ta yi sallama da Ilko ba, kuma ba ta sake ganin fuskarsa ba sai da wata bazarar ta zagayo.