Ƙafa a Kan Bes na Uku

…kuma ƙafar ta zauna daram a kan bes, kada ta ɗaga. Haka ka ce, Hambali. Ga ta nan na ɗora. Bes na uku a wasan besbol, matsayar ƙarshe, mita ashirin da bakwai tsakanina da maki, an riga an fitar mana da mutum ɗaya. Takunkumin fuskar nan ya jiƙe ya manne mini a baki. Rana ta ƙwalle a filin unguwar Taman Melati, a nan ƙasar baƙunta, kamar tana jin haushin an sake buɗe mana shi.

Numfashi… wai har yanzu ban huce daga gudun bes na biyu ba? Likita ta ce huhun zai dawo a hankali. Wata bakwai ke nan da sallamata.

Datti ne mai ba da umarni a wannan kusurwa yanzu. Ya matso yana raɗa mini, "In ƙwallo ta tashi sama, relax lah, kwantar da hankalinka. Sai an cafe." Na sani. Wa ya fi ni sani?

Dokar besbol ce, 'yar ƙarama: in an buga ƙwallo sama aka cafe ta, mai gudu ba ya barin bes sai bayan cafewar. Sau nawa ka nuna mini a shagon mamak, wurin masu shayin garin nan, da kofunan shayi huɗu a kan tebur? Ni kuwa ɗan ƙwallon ƙafa ne tun Jos — ƙwallo ta motsa, ƙafa ta motsa. Jikina bai san jira ba.

Lahadin ƙarshe kafin kullen annoba. Ni a nan, kai riƙe da sanda. Shekara uku kana rufe shagonka na Chow Kit saboda wasan da 'yan Japan ɗin ofishinmu suka koya mana, shekara uku bugunka bai taɓa shigar da kowa maki ba. Ran nan ka same ta — ƙas — ta yi sama, can nesa. Na kwasa da gudu. Na isa ina tsalle ina kiran sunanka… sai alƙali ya ɗaga hannu. Na bar bes da wuri. Taku ɗaya tal. Aka soke.

Da ma faɗa ka yi. Dariya ka yi, ita ce ke ci mini rai. "Ɗanladi sarkin gaggawa. Bari kawai, sati mai zuwa."

Sati mai zuwa… shingen 'yan sanda, tapau, ƙunshin abinci, a rataye a ƙofa, bango huɗu. Jiran a buɗe gari. Jiran sakamako. Jiran gado a asibiti. Tare muka kamu, ni na fito. Kai a waya na ga an sa ka a ƙasa, mutum huɗu cikin fararen robobi, ban ga fuskar ko ɗaya ba. Matarka daga Kano tana ta tambaya ko hoton ne ya tsaya.

Na gaji, Hambali. Allah ya sani na gaji. Makin nan guda ɗaya na zo in shigar, in ce naka ne, in rataye safar hannuna. In ban iya yau ba, ba na jin zan sake takowa filin nan.

Hussaini, mai bugunmu, ya gyara riƙon sanda. Mai jifa ya ɗaga ƙafa —

Ƙas.

Sama. Hagu. Ba ta kai nisan taka ba… mai tsaron can yana da ƙarfin hannu, na ga jifansa ɗazu. Zan riga ta isa? Da huhuna na da, ko ido a rufe. Da wannan fa? In na zube a tsakiya, a gaban mutane?

Jira. Ƙafa a bes. Tana saukowa… jira… dube ni mana, ka ga yadda na iya yanzu?

Ta shige safar hannun mai tsaron.

"Tafi," in ji Datti. "Ɗanladi, tafi mana!"

Ina jin sa. Ina ganin farin layin, ba kowa a kai. Ƙafar ce ta ƙi ɗagawa… shekara biyu ina koya mata jira, Hambali. Ba ka tsaya ka gaya mini yadda ake ce mata ya isa ba.