Wayar da Ba Ta Komai

Liatu na kan tsani tana ɗaure akwatin ƙarfe a bango lokacin da Alhaji Maitama ya shigo. Shi ne shugaban ƙungiyar manoman masara a Funtua, ana kuma shirin sabon zaɓe bayan kaka. Mataimakinsa, Malam Mati, na biye da shi riƙe da jakarsa.

"Injiniya, wannan ne abin da muka sayo?"

"Shi ne, Alhaji. Suwic sunansa. Shi ke raba intanet ga kwamfutocin gidan nan, kamar rabon ruwa a lambu. Wanda ka ce a buɗe wa sosai, a buɗe masa."

"To a buɗe wa ofishina. Yaran sito kuwa a ɗiga musu, ƙwallo kawai suke kallo."

Ta ce za a yi. Ta ƙara da cewa za ta iya ja musu katanga a cikin akwatin, yadda kwamfutar sito ba za ta leƙa ta ofis ba.

Alhaji ya shafa gemu. "'Yata, akwatin nan ya fi wasu mutane tarbiyya."

Sai idonsa ya faɗa kan wayoyi biyu masu kauri da aka soka a jikin akwatin. Fitilar ɗaya na ta ƙyaftawa, ta ɗayar kuwa ko motsi.

"Ita wannan fa? Ta mutu?"

"Lafiyarta ƙalau, jira take. Ranar da ta farko ta samu matsala, nan take za ta karɓi aiki. Ba ma wanda zai lura."

"Ba wanda zai lura?"

"Ko mutum ɗaya."

Alhaji ya tuna wani abu. Da damina ya kwanta asibiti a Zariya, aka raba taki a bayansa lami lafiya. Da ya dawo, wani manomi daga Tsiga har godiya ya yi masa kan rabon, bai ma san ba ya gari ba. Ya waiwaya ya dubi Malam Mati. Malam Mati na duban silin.

"Cire ta," in ji Alhaji.

"Alhaji, in ta farko ta tsinke komai zai tsaya. Har rajistar manoma."

"Ya tsaya ɗin. In babba ya faɗi, ai ya kamata gari ya ji."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe," in ji Malam Mati. "Waya ta zauna tana jiran 'yar'uwarta ta mutu, ai rashin kunya ne."

Liatu ta zare wayar. Alhaji ya karɓi jakarsa da hannunsa, ya fita.

Malam Mati ya matso gindin tsanin, ya sassauta murya.

"Injiniya, in za a mayar da ita, sai an kira ki daga Malumfashi?"

"A'a, kowa ma zai iya. Ramin nan na ƙarshe za a tura ta."

Ya karɓi wayar, ya naɗe ta a tsanake, ya sa a aljihun gaba.