Kaka Ta Tambayi Tafinta

A unguwa Mai Gilashi ake ce masa, domin yankan gilashin taga da madubi yake yi a wani ɗan shago kusa da tashar mota. A coci kuwa Tafinta ne. Fastonsu baƙo ne, harshen birni kaɗai yake ji, rabin masu sujada kuma tsofaffi ne da suka taso daga ƙauyuka. Duk Lahadi Tafinta yakan tsaya a hagun Fasto, Fasto ya faɗa, shi ya juya. Ya ƙware ƙwarai, har barkwancin Fasto da ba ya ba kowa dariya, in ya bi ta bakinsa sai coci ta ɗauka.

Akwai wata tsohuwa da jikarta ta kawo birni don a yi mata aikin ido. Da idon ya warke sai ta ƙi komawa, ta riƙa bin jikar zuwa coci. Kowa Kaka yake kiranta. Mace ce mai son jin ƙwaƙwaf. Ta tambayi dalilin rufe ido wajen addu'a, ita da ta sha wahala kafin nata ya buɗe. Ta tambayi ko Almasihu ya taɓa yin mura. Bayan 'yan watanni ta ce tana son a yi mata baftisma.

Fasto ya kira ta ofishinsa, ɗan ɗaki mai kujerun roba da fanka mai ƙara, Tafinta yana tsakaninsu. Fasto ya tambaye ta wane ne Yesu a wurinta. Ta ce shi ne Almasihu, ya mutu dominta ya tashi, kuma ta yarda da haka da zuciya ɗaya. Tafinta ya juya maganar tsaf. Fasto ya ji daɗi, yana shirin yin addu'a, sai Kaka ta dafa gwiwar Tafinta.

"Ɗan nan, ni fa ban taɓa jin ko kalma ɗaya ta wannan bawan Allah ba. Duk abin da na sani a bakinka na ji shi. To, naka ne, ko dako kake masa?"

Sabo ya sa ya juya wa Fasto tambayar yadda take. Fasto ya yi murmushi ya ce ai ba shi aka tambaya ba.

Tafinta ya gyara zama. Ya ce mata a cikin ikilisiya aka haife shi, mahaifinsa dattijo ne a coci, mahaifiyarsa ita ke jan waƙa. Kaka ta ce Allah ya yi musu albarka, amma ba labarinsu ta nema ba. Ya ce fastoci suna koyar da cewa... Ta katse shi, ta ce fasto ga shi nan zaune, da shi take so da ta nuna shi da yatsa. Ba da faɗa ta yi maganar ba, kallonsa take da kai a karkace, ta ƙagu ta ji amsa. Shi kuwa, maimakon ya amsa, sai ya roƙi Fasto ya rufe da addu'a, aka tashi.

A hanyar gida abin ya fi ba shi mamaki fiye da kunya. Ya yi ta lalube a ransa ko akwai ranar da ya taɓa faɗin maganar nan da sunan kansa. Lokacin baftismarsa suna samari, a jere aka tsayar da su, aka tambaya suka amsa baki ɗaya, shi hankalinsa yana kan sabon takalmin da ke matse masa ƙafa. Tun daga nan "na ba da gaskiya" ya fita daga bakinsa ba adadi, amma kullum na wani ne.

Ya tambayi matarsa tana wanke kwanuka, ita yaushe ta faɗa. Ta ce a asibiti, ranar da suka rasa ɗansu na fari, wata ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta ko har yanzu tana riƙe da Almasihu, ta ce tana riƙe. Bai taɓa jin wannan ba. Ya ce me ya sa ba ta gaya masa ba.

"Baban yara, ai ba ka tambaya ba. Na ɗauka kai da ke kan mimbari ka riga kowa."

Makon nan ya yi aikinsa a shago da tunani. Wa'azin da ya taɓa juyawa ya dawo masa, inda Almasihu ya fara tambayar almajiransa abin da mutane ke faɗa a kansa, sannan ya nemi jin nasu. Da ya bincika zuciyarsa bai tarar da shakka ba. Ya yarda, ya daɗe da yarda, bai dai taɓa tsayawa a bayan maganar ba.

Ranar baftismar Kaka, bayan an gama, ya roƙi Fasto ya ba shi ɗan lokaci. Ya fuskanci jama'a ya ce yau ba juyi zai yi ba.

"Ni da bakina nake faɗa, Yesu shi ne Almasihu, Ubangijina ne. Na gaskata ya tashi daga matattu."

Tsofaffi suka amsa da amin. 'Yan birni suka tsaya kallonsa, domin da harshen ƙauye ya yi maganar, kuma ba mai juya masa. Dole ya sake faɗa da ɗaya harshen da kansa.

A bakin ƙofa Kaka ta tare shi, ɗankwalinta bai gama bushewa ba. Ta ce yanzu ta ji amsarta. Sannan ta ja hannun rigarsa ta ce ya zo su zauna, akwai abin da bai shige mata ba game da tashin matattu, tana so ta san da waɗanne haƙora za ta tashi.