Asu a Akwatin Kaka

Kwana tara ke nan da Zuera ta tsaya tsakiyar lungunsu a unguwar Maamobi ta wanke Baba Ziblim mai guga tas. Kwat ɗin ulu na kakanta, wanda ya yi ɗan sanda tun zamanin Turawa, ta kai masa a ninke. Da ta karɓo ta ware a gida, sai ga huji bakwai a baya. Ta rantse tartsatsin gawayinsa ne. Tun ranar ko hankici ba wanda ya sake kai wa tsohon.

Yau da hantsi ta buɗe akwatin ƙarfen da kwat ɗin ke ciki. Maƙwabciyarta Basma, mai sayar da gwanjo a kasuwar Makola, tana zaune bakin gado. Wani ɗan ƙwaro ya fito a guje yana neman maɓoya. Caraf Basma ta kife shi da kofin gilashi.

"Ei, sista! Zo ki ga mai gugarki."

Zuera ta sunkuya. Bai fi ƙwayar shinkafa ba, fukafukansa launin busasshen kara, kansa da ɗan gashi ja-ja.

"Asu ne," in ji Basma. "Ba irin masu bin fitila ba, wannan duhu yake so. Akwati, ƙasan darduma, aljihun rigar da aka manta. Tsutsarsa ke ɓarnar."

"To me ya hana shi cin atamfofina?"

"Auduga? Ya fi ƙarfinta, ɗan gayu ne. Ulu kawai. Shinshina hujin, kin ji ƙauri?"

Ba ta ji ba. Ta ɗaga wuyan kwat ɗin, ga farin zare kamar yanar gizo, ga tsutsa tana motsi.

Ko mayafi ba ta gyara ba ta fita. A bakin kwata inda teburin Baba Ziblim yake, babu komai sai toka.

"Yaya Mulikatu, ina Baba?" ta tambayi mai sayar da waake, dafa-dukan shinkafa da wake, a gefe.

"Ya sayar da dutsen gugar shekaranjiya, ya hau motar Tamale. Wa zai zauna ba aiki?" Mulikatu ta ɗaga murya, matan da ke layi suka juyo. "Ko wani abin ya sake ƙona miki?"

Zuera ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya. Idanu goma sha biyu na kanta.

"A'a," ta ce a hankali. "Zuba mini waake."

Ta kawo shi gida a ganye, ya huce a kan tebur ba ta kai loma ba.