Fom A Cikin Leda

Sati uku fom ɗin ya yi a ƙarƙashin katifar Malam Lukuman tela. Bai sa masa hannu ba, bai kuma gaya wa kowa zuwansa ba, har matarsa Hajara. Wani direban fijo mai jigila tsakanin Sakkwato da Gusau ne ya sauke masa shi a bakin shagonsa na Bungudu, cikin ambulan, tare da wasiƙar ɗansa Yazid. Daminar 1998 ke nan, gero ya fara fid da kai.

Wasiƙar ba ta da tsawo. Yazid ya ce shekara biyu yana kokawa da karatun likita a jami'a, karatun ya fi ƙarfinsa. Bara ya faɗi, aka ja masa kunne. Bana in ya sake faɗuwa, sallamarsa za a yi gaba ɗaya. Mafita ɗaya ta rage: ya nemi a mayar da shi tsangayar aikin gona kafin jarrabawa. Fom ɗin neman sauyin yana buƙatar sa hannun uba, da na shugaban sakandaren da ya gama. Juma'ar ƙarshen wata za a rufe karɓa.

Malam Lukuman ya yi aji bakwai na firamare, karatun wasiƙa ba ya ba shi wuya. Abin da ya ba shi wuya shi ne haɗiye abin da ke cikinta. Tun ran da Yazid ya tafi, daga Bungudu har Karakkai inda gonarsu take, ba mai kiransa da sunansa, sai Baban Likita. Tsofaffi kan tsaya bakin shago su nuna masa gwiwar da ke ciwo, su ce ya ajiye musu layi. Yanzu da wane baki zai ce musu yaron da ya raba da fartanya ya tafi jami'a neman izinin komawa noma?

Hajara ce ta gano ambulan ɗin ran da ta fitar da katifa shan iska. Ta kai wa Saude, ƙanwar Yazid, ta karanta mata. Da Malam ya dawo cin abincin rana, ta ajiye masa takardar kusa da kwano.

"Malam, wagga takarda kwana nawa ta yi nan?"

"Ina tunani ne."

"Tunanin mi? Shi da ke cikin ruwa ya ce sanyi ya ishe shi, kai da ke tudu ka ce ya ƙara nutso?"

"Mutane fa, Hajara."

"Mutanen su za su ba shi takarda in an koro shi? Kwana biyar suka rage. Ka ci tuwonka ka sa hannu."

Bai iya cin tuwon ba, amma ya sa hannu. Sai da ya gwada sau uku a bayan kwalin zare, sannan ya rubuta sunansa a hankali, harafi bayan harafi, a kan layin da Yazid ya yi wa alama da fensir.

Washegari Litinin ya kama hanyar Tsafe, domin can Malam Bashiru, tsohon shugaban sakandaren Yazid, ya koma da zama. Daga Bungudu ya shiga mota zuwa Gusau, daga Gusau ya sake wata. Da ya isa gidan aka ce maigida ya tafi gona 'Yankuzo tun da safe. Ya hau bayan wani babur ya bi shi. Ya same shi a bakin gona yana duba dawa, wando naɗe zuwa gwiwa.

Malam Bashiru ya karanta fom ɗin a tsaye, ya gyaɗa kai.

"Tun yana aji uku na san hannun yaron ga na shuka ne. Lambun makaranta shi ya raya shi. Ku ne kuka ce likita."

"Mu ne," in ji Malam Lukuman, kansa a ƙasa.

"To, Allah shi sa hakan ya fi alheri. Amma kun makara ƙwarai."

Suka koma Tsafe tare, Malam Bashiru ya sa hannu da alƙalamin tawada, ya rubuta layi biyu na shaida.

A hanyar komawa hadari ya taso. Motar da ya samu gilashinta ɗaya ba ya rufuwa, shi ne kuma a gefen. Ya cusa ambulan cikin riga, ya rungume shi a ƙirji kamar jariri, duk da haka ruwan ya same shi. Da suka sauka tashar Gusau ya fake a wata rumfa ya buɗe. Kusurwa ɗaya ta jiƙe, wutsiyar sa hannun Malam Bashiru ta fara narkewa, tawada ta yi shuɗin tabo kamar ƙwayar wake.

Saura tafiya zuwa Bungudu, saura kwana biyu a ɗakin da ke yoyo, saura doguwar hanyar Sakkwato. Shi kuwa shekara ashirin da biyar yana ɗinki, bai taɓa miƙa wa mutum aiki tsirara ba. In ya gama riga sai ya goge ta, ya ninke, ya sa a leda. Abin da aka gama, rufe shi ake yi.

Kusa da tasha akwai shagon Elisha mai hoto, mutumin kudancin Kaduna, wanda Malam Lukuman ke ɗinka wa 'ya'yansa kayan Kirsimeti. A bara Elisha ya sayo injin da ke manne takarda cikin leda mai kauri, ma'aikata na ta kai takardun shaidarsu. Elisha ba ya nan, ya tafi ɗaukar hoton biki, sai matarsa Maryamu.

"Baba Tela, ruwa ya yi maka wanka kyauta!"

"Bari kawai, Maman Grace. Wagga nake so ki rufe mini, kada ruwa ya ƙarasa ta."

Ta karɓa, ta dubi fuskar takardar, ta ga an cike ko'ina.

"An gama da ita? Don in ta shiga, ta shiga ke nan."

"An gama tsaf. Ga hannuna, ga na shugaban makaranta."

Da ma akwai wutar lantarki. Injin ya yi zafi, ya haɗiye takardar ta gaba, ya fito da ita ta baya tana sheƙi, da ɗumi kamar burodi. Malam Lukuman ya ɗiga mata ruwa da yatsa, ya ga ya gangare bai shiga ba. Rabonsa da jin sanyi a ransa irin na wannan lokaci tun zuwan wasiƙar.

Ranar Laraba da la'asar Yazid ya iso karɓar fom, kamar yadda ya faɗa a wasiƙa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Bayan gaisuwa uban ya shiga ɗaki ya fito da takardar, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Ga ta. Ko kogi ka faɗa da ita ba abin da zai same ta."

Yazid ya karɓa. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya juya bayanta, ya zauna a kan turmi ba tare da ya duba inda yake zama ba.

"Baba, wa ya ce a yi haka?"

"Ba kowa. Ruwa ne ya so ya ɓata ta. Lafiya?"

Yazid ya nuna masa bayan takardar. Akwai akwatuna huɗu da aka zana, kowanne da ƙananan rubutun Turanci a ƙasansa, kowanne fari fat.

"Nan shugaban sashenmu zai sa hannu ya sake ni. Nan shugaban kwalejin likita. Nan na aikin gona zai ce ya karɓe ni. Nan rajistara. Kowa da hatiminsa."

Malam Lukuman ya ga akwatunan tun ran farko. Ya ɗauka irin adon takardun gwamnati ne, tunda Yazid bai yi musu alama da fensir ba.

"To ba sai su sa bisa ledar ba?"

Yazid ya ciro biro, ya ja layi a gefen ledar, ya shafa da babban yatsa. Layin ya tafi kamar ba a taɓa yin sa ba. Hajara da ke bakin murhu ta ajiye muciya, ta juya masa baya. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi.

"A sayo wani mana," in ji uban.

"Ɗaya ake ba kowa, Baba, da lamba a kansa. An rufe bayarwa tun farkon wata."

Alhamis da sassafe suna ƙofar shagon Elisha kafin ya buɗe. Da ya ji bayani ya dubi matarsa, ta ce, "Na tambaye shi fa." Malam Lukuman ya ce, "Ta tambaye ni. Laifina ne." Elisha ya aiko aka kawo dutsen guga, ya shimfiɗa hankici a kan ledar, ya ɗumama kusurwa ɗaya, ya sa reza a hankali. Ledar ta fara ɗagowa. Malam Lukuman ya matso har numfashinsa na taɓa hannun Elisha. Ta ɗago kamar faɗin yatsa biyu, sai ga fuskar takardar tana biyo ta, ta rabu gida biyu kamar ɓawon albasa. Rabin lambar fom ɗin ya tafi jikin leda, rabi ya tsaya.

Elisha ya ajiye rezar.

"Baba Tela, in na ci gaba, gari za ta zama. Wannan abu an yi shi ne don kada ya buɗu."

Ya yi musu hoton takardar gaba da baya a farar takarda, ya ce ko za a dace su karɓi wannan. Ya ƙi karɓar ko kwabo. Malam Lukuman ya ce zai bi Yazid Sakkwato, ya durƙusa gaban ko wane ne ya ce shi ya yi ɓarnar.

"Ka zauna, Baba. Ba sa ganin iyaye a kan wannan," in ji Yazid. Ya kama hanyar Sakkwato shi kaɗai.

Juma'a ta wuce. Malam Lukuman ya buɗe shago, ya ɗinka hannun riga a baibai, ya farke, ya sake ɗinka shi a baibai. Asabar tun hantsi ya bar keken ɗinki ya koma bakin titi, duk fijon da ta rage gudu sai ya miƙe. Bayan azahar Yazid ya sauko, ba jaka, sai ambulan a hannu.

Ba su yi maganar a titi ba. Sai da suka shiga shago, uban ya janyo ƙofa.

"Shugaban sashenmu ya sa hannu a kan hoton, ya ce ya tausaya. Na aikin gona ma ya ce da gurbi. Ofishin rajistara suka ce sai na asali, mai lamba cikakkiya. Ba su da ikon ba da wani sai baɗi."

"To baɗi. Baɗi ai kamar gobe ne."

"Mai neman sauyi sai yana ɗalibi, Baba. Jarrabawa saura kwana tara."

"In ka ci fa?"

Yazid ya dubi ubansa, ya sunkuyar da kai. Malam Lukuman ya gane amsar. Ya so ya ce sati ukun nan da ya ɓoye takardar su suka ci su, da ya sa hannu da wuri da an sami lokacin gyara. Maimakon haka sai ya jefa tambaya.

"Ba wanda za mu gani? Ko wani babba? Malam Bashiru ya san mutane."

"Na tambaya. Babu."

"To mi za ka yi?"

"Zan koma in rubuta. In an kafe sakamako sai in kwaso kayana."

Yazid ya kwana ɗaya. Da safe Hajara ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da garin yaji, uban ya riƙe ƙullin har bakin titi, ya ƙi ba shi ya ɗauka. Mota ta tsaya, direba na kiran mutum ɗaya. Yazid ya durƙusa ya yi sallama.

"Ka rubuta abin da ka sani," in ji Malam Lukuman. "Wanda ba ka sani ba, ka bar musu wurin."

"To, Baba."

Motar ta tashi. Malam Lukuman ya tsaya har ta sha kwana. Can gefen Karakkai hadari na haɗuwa, mutane na ta sauri su kai gona kafin ya sauko. Shi ya rasa inda zai nufa, sai ya zauna a kan dutsen bakin kwalbati, ya ɗora hannuwansa bisa gwiwa.